Maganin Shanu Mai Jan Murfi

An yi wani mutum a kasuwar Safana, mai sayar da maganin dabbobi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

A shekarun nan da kwanon masara ya gagari talaka, mutumin ya koyi odar kaya daga ƙasar waje ta waya. Nan ya ci karo da maganin tsutsar ciki na shanu, kwalbarsa sak wadda makiyayanmu suka sani, ga araha kamar a tsinta. Kun san mutanenmu ba sa karanta rubutun jikin kwalba. Murfi suke dubawa, su ce a ba su mai jan murfi. Shi ma ya san haka, kuma a kan haka ya kafa cinikinsa.

Kaya suka iso, ya karya farashi, kasuwa ta koma rumfarsa. Dattijo Mani, wanda ya tsufa yana sayar da maganin gaskiya, sai ga shi ana kiransa azzalumi a bainar jama'a, har ya daina fitowa. Duk wanda ya tambayi mutumin nan ko maganin ɗaya ne, sai ya ce wallahi ɗaya ne. Ya gwada shi? Bai gwada ba. Hoto kawai ya gani a waya.

Ya 'yan uwa, sunan Allah abin talla ne?

Mutumin nan yana da wa, Yero, a ƙauyen Babban Duhu. Ɓarayin daji sun kore masa garke, sai 'yan shanun da suka rage, su ne nonon 'ya'yansa, su ne nomansa. Ran kasuwa Yero ya zo ya ce, "Ƙanena, wannan arahar lafiya take kuwa?" Rumfa cike take da masu saye. In ya ce masa ya je wurin Mani, asiri ya tonu. Sai ya rantse wa ɗan uwansa, ya miƙa masa kwalba.

Da aka ba su maganin, shanun suka kumbura, suka yi ta faɗuwa, ba na Yero kaɗai ba, har rugagen Tsaskiya. Sarkin kasuwa ya rufe rumfar. Mutumin ya zama in ya doso majalisa sai a watse.

Ya tafi Babban Duhu, ya tarar da Yero zaune kusa da turakun da ba komai a jikinsu. Ya durƙusa yana kuka. Yero ya ce, "Shanun na yafe maka, ciki ɗaya muka fito. Rantsuwar kuwa ba da sunana ka yi ta ba, ba ni da ikon yafe ta."

Wannan magana har yau tana sosa min rai. Araha ba haram ba ce, sayayya ta waya ma ba haram ba ce. Haram shi ne ka rantse a kan abin da ba ka sani ba, don ka san wanda ke gabanka ya yarda da kai.

Allah ya kiyaye harsunanmu, ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya amince da mu. Amin.