Taƙi Ɗaya na Ƙasa

Ga ta nan tafe gare ku, a hankali take takowa.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To ku matso. Tabarmar gefe ku bar ta yadda take, ta Yaya Sanda ce.

Wata tsutsa ce a kurmi, a kan itacen marke, ana ce da ita Ma'auniya. Ƙafafun gaba suna gaba, na baya suna can baya, tsakiya babu komai. In za ta yi tafiya sai ta miƙe, ta jawo baya, ta lanƙwashe, ta sake miƙewa, kamar mai auna yadi da taƙin hannu. Ita da yayanta Nomau suke zaune. Ganye ɗaya suke ci, shi ta wannan baki, ita ta wancan, su haɗu a tsakiya su yi dariya.

Ran nan Sarki Gyado, aladen daji mai ƙasar kurmin, bayansa ya yi ƙaiƙayi. Ya zo ya goga a jikin marke. Itace ya girgiza, Nomau ya faɗo, Gyado ya taka shi ya wuce. Ko waiwaye bai yi ba. Ku ji fa, ko waiwaye.

Ma'auniya ta auna gawar yayanta, yadda ake auna mamaci da kara kafin a haƙa kabari. Taƙi ɗaya cif. Ta naɗe shi a ganye, ta rataye da zarenta saboda tururuwa, ta nufi fada.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, taƙi ɗaya na ƙasa nake roƙo, in rufe yayana."

Hankaka, bafaden sarki, ya ce, "Ke, tsutsa ma har kabari gare ta? Ku da ake tsincewa da baki."

Gyado ya ce, "Gabas gonata, yamma wurin birgimata. Ƙasa ta ƙare."

Ta koma washegari, ƙasa ta ƙare. Ta koma rana ta uku, ƙasa ta ƙare. Tururuwa kuwa sun fara hawa marke.

Da azahar Gyado ya kwanta a inuwa. Ma'auniya ta hau kan hancinsa, ta miƙe, ta lanƙwashe, tana cewa, "Taƙi ɗaya, na mai ƙasa. Taƙi biyu, na mai ƙasa."

Gyado ya farka. "Wa ke yawo a kaina?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Awo nake."

"Awon me?"

"Na makwancinka. Tunda ƙasa ta ƙare, gara a san tsawonka da wuri, kada ranar ta zo a rasa inda za a sa ka, kamar yayana."

Gyado ya ce, "Hankaka, cinye ta."

Ta sulale kan reshe, ta kafe ƙafafun baya, ta sandare. Hankaka ya duba, ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, babu tsutsa a nan, sai wani ɗan kara."

Gyado ya tashi zaune. Ya san abin da ke kawo kara kusa da wanda ke kwance.

Washegari ya sake inuwa, ya koma gindin kanya. Barci bai yi nisa ba sai ya ji a gadon bayansa, "Taƙi talatin, na mai ƙasa." Hankaka ya kai sara. Ta saki zare, ta tsaya a iska, ta sandare.

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, karan nan ne dai, yana tsaye a iska, ba mai riƙe da shi."

Ranar Gyado bai ci ko saiwa ba. Ya rantse ba zai ƙara kwanciya ba. Ya yini a tsaye, ya kwana a tsaye, da hantsi ƙafafu suka ƙi, ya zube. Da ya buɗe ido, tana kan jelarsa.

Ta ce, "Saura taƙi ɗaya, ranka ya daɗe."

"Tsaya, 'yar nan. Kada ki ƙarasa. Ɗauki ƙasar."

"Ai ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba."

"Da bakinka ka faɗa, sau uku."

"Na janye."

"To kai za ka haƙa. Ƙafarka ta taka shi."

Gyado ya sa haure ya haƙa a gindin marke. Haƙuri kuwa bai ba ta ba, har yau.

Ta rufe Nomau, ta shiga ƙasa ta kwanta a gefensa, rani ya wuce ta kansu. Da ruwan farko ta fito da fukafukai masu launin ɓawon itace, da siraran layuka kamar alamun awo. Da rana takan shimfiɗa su a jikin marke, saman kabarin, ba ta motsi, ba ta kuka. Da magariba ta tashi ta zaga, ta dawo.

'Ya'yanta har yanzu suna awo, domin taƙi ɗayan nan yana nan bai cika ba. In kun ga ɗaya a rigarku, kada ku murje ta, ku mayar da ita kan ganye.

Ni na yanko karan da aka auna Yaya Sanda da shi. Ba shi da nauyi, amma da hannu biyu na ɗauko shi. Duk wanda ya hana mamaci ƙasa, ya tuna shi ma yana da tsawo.

Ƙurunƙus, ta kai jela. Ba don tsutsar nan ba, da kun ce ƙarya na yi.