Mutum Ɗaya da Ya Rage a Aikin Ganuwa

An ce a zamanin Sarki Nomau, ruwan damina ya rushe ganuwar Birnin Gamji. Aka kira gayya, maza dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya suka fito. Sarki ya ce a raba su daidai wa daida. Aka jera su bibbiyu, ɗaya ya rage. Aka yi uku-uku, ɗaya ya rage. Haka har goma-goma, kuma kullum wani gurgu mai suna Arzika ne ke ragewa, don shi ke isowa ƙarshen sahu. Fadawa, da yake ba su da aiki sai na baki, suka ce farar ƙafa gare shi. Sarki ya ce a kore shi daga garin kafin la'asar, shi da iyalinsa.

Malam Barmo, tsohon masanin hisabi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ji labarin Madugu Jibo tukuna."

Sarki ya ce, "Ina jin ka."

"Madugun nan jakuna sittin da ɗaya gare shi. Ko bibbiyu ya ɗaure su, ko uku-uku, har shida-shida, sai wata tsohuwar jaka ta rage. Ya rantse a daji zai bar ta. Inna Kyallu, mai masaukinsu, ta ce, 'Haba Madugu! Bari ka ji abin da ya sami kakata. Kaji bakwai gare ta. In ta kasa su bibbiyu ko uku-uku, ɗaya ba ta da 'yar'uwa. Ta ce wannan tsiya ce, ta sa aka yanka. Ashe ita kaɗai ke ƙwai, shi ya sa take makara a akurki. Kai ma ka tambayi abin da ke sa jakarka nawa.' Madugu ya ce zancen mata ne. A hanya, cikin fushi, ya kori jakar da kayanta. Sai da suka yi zango inda ba rijiya ya tuna salkunan ruwa a bayanta suke. Mutum uku ya binne a wurin.

"Ranka ya daɗe, ba laifin jaka ba ne, ba kuma na Arzika ba. Adadin ne haka Allah ya yi shi. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin, ko kashi nawa ka so daga biyu zuwa goma, zai rabu cif. Ƙara masa ɗaya, shi ke nan, babu mai raba shi sai ɗaya ko shi kansa. Ko Galadima ka tsayar a ƙarshe, shi zai rage. Wallahi raina ya ɓaci! Bawan Allah ya jawo ƙafa ya zo aikinka, a saka masa da kora?"

Sarki ya dubi ƙarshen sahu. Can ya ce, "Malam, in an ƙara wani ɗayan fa?"

"Bibbiyu za su tashi, ba saura."

Sarki ya tuɓe riga, ya naɗe ƙafar wando, ya taka har ƙarshen sahu. Ya ce, "Arzika, ka yafe mini. Kai ka kwaɓa ƙasar, ni in ɗauka."