Watan da Nomau Ya Ƙi Shaidawa

An yi wani bawan Allah a wani gari, Nomau masaƙi, wanda ya ƙara wa mutanen garinsu azumin yini guda, suka ƙullace shi har ya mutu. Ku saurara, ba zan maimaita ba.

Shekara ashirin da ɗoriya shi ne mai duban wata. Ranar ashirin da tara sai ya hau dutsen da ke yamma da gari. In ya ce ya gani, Maigari ya karɓa, a buga ganga. Ba shi da dukiya, ba shi da karatu mai zurfi. Idonsa da gaskiyarsa, su ke nan abin da ya mallaka.

Sai ciwo ya same shi a ganin nan nasa. Yana zaune yana saƙa, sai wani ɗigo kamar ƙwayar gero ya tsaya a tsakiyar abin da yake kallo. Ya dubi zare, ya ga ya yanke, alhali bai tsinke ba. Ya dubi matarsa, rabin fuskarta babu. Ɗigon ya yi ta faɗi, ya lanƙwashe kamar lauje, gefensa kamar haƙoran zarto, yana walƙiya. Kafin tukunyar shinkafa ta nuna ya wuce, sai ɓarin kansa ya kama sara, ga tashin zuciya. Yunwa na tayar da shi, da ƙishirwa, da ƙyallin rana, da rashin barci. Yau likitoci sun san shi, dangin ciwon ɓarin kai ne, wanda ya ga haka ya je su duba shi. A lokacin ba wanda ya sani. Nomau ya yi shiru da bakinsa, tunda abin bai taɓa zo masa a kan dutse ba.

Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Rijiyoyi suka ja baya, tsofaffi suka kwanta, aka binne biyu. Ranar ashirin da tara Nomau ya hau dutse tare da Barau mahauci, wanda ya riga ya ɗaure sansa na Sallah. Rana ta faɗi, ko ruwa Nomau bai tsaya sha ba, ya kafa ido yamma. Sai ga abu siriri, a lanƙwashe, yana haske. Ya zabura.

Barau ya ga zaburarsa ya ce, "Ka gan shi ko? Ni ma ga shi can!" Ya gangara da gudu yana ihu.

Nomau ya juya gabas, abin ya biyo shi. Ya rufe ido, yana nan. Ku da kanku kun sani, wata ba ya bin mutum cikin fatar ido.

Da ya sauko, ƙofar Maigari ta cika, makaɗi ya rataya ganga. Maigari ya ce, "Barau ya shaida. Amma ba na karɓa sai da shaidarka. Saura kai."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga haske, amma a idona yake. Ciwo ne da ni." Ya faɗi yadda yake zuwa masa, bai ɓoye komai ba.

Wani ya ɗaga murya daga baya, "To bara fa? Da bara waccan? Ashe ciwonka muke ta yi wa Sallah!"

Barau ya ce, "Ni za ka mayar maƙaryaci a gaban gari? Kafaɗa da kafaɗa muka tsaya!"

Nomau ya ce, "Ban ce ba ka gani ba, Barau. Na ce ni ban gani ba."

Maigari ya jawo shi gefe, ya rage murya. "Nomau, dubi leɓen mutanen nan. Haske ka gani, a yamma ka gan shi. Ce ka gani, ka riƙe mutuncinka. Wa zai shiga idonka ya bincika?"

Ku saurara. Abin da ya biyo baya na san shi. Ba a sake tura shi dutse ba. Shaidarsa ta shekara ashirin aka zubar a yini ɗaya. Aka cika azumi talatin, wani tsoho ya rasu washegari da azumi a bakinsa, 'ya'yansa suka daina gaida Nomau. Bai yi arziki daga baya ba, ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri. Kada ku jira in ce an saka masa a duniya, ba a saka masa ba.

Ga abin da nake so ku ɗauka. Shaida amana ce, kuma ido yana iya nuna wa mai shi abin da babu. Wanda ya san ganinsa da matsala ya faɗa, ko da zai rasa kujerarsa. Akwai direba a cikinku, hanya na ɓace masa rabi, ya ƙi tsayawa don kada a ce ya tsufa. Akwai mai rantsuwa a gaban alƙali kan abin da ya hanga daga nesa. Ku kuna jin kunyar mutane. Shi Nomau kunyar Allah ya ji.

Mu koma daren nan. Maigari ya sake tambayarsa, a gaban kowa, makaɗi ya ɗaga sanda yana jira. Kan Nomau ya riga ya fara sara. Ya dafe ɓarin kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga wata ba. Ba zan ce na gani ba."