Dalilin da Ya Sa Giginya Ba Ta Tashi In Aradu Ta Faɗa Mata

Kuna son jin dalilin da ya sa in aradu ta faɗa wa kuka ake barin ta sai an ga damina mai zuwa, amma in giginya ce sai a tafi neman gatari? To, ku matso.

A da can giginya gajera ce, tana da rassa ko'ina kamar mangwaro. Tana tsaye a bakin wani ƙauye, kusa da kuka. Kullum mata na wurin kuka suna tsinkar ganyen miya, yara na jifar 'ya'yanta, masu tufka igiya na ɓare mata bawo. Giginya kuwa sai dai a wuce ta. Abin nan yana cin ta a rai ƙwarai.

"Yaya Kuka, me kike ba su ne? Dubi jikinki, duk sun yage ki, amma kina ta washe baki," in ji ta.

"Hakanan dai muka saba da juna, ƙanwata," in ji kuka.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗu, aradu ta faɗa wa kuka, ta tsaga mata babban reshe, ta ƙone gefe guda ƙurmus. Giginya ta ji daɗi har cikin saiwarta, ba zan ɓoye muku ba. Ta ce yanzu kam an gama da mai farin jini.

Da safe Jatau masassaƙi ya zo da gatarinsa. Sai wata tsohuwa mai suna Tabawa ta tare shi.

"Kai Jatau, saurin me kake yi? Bishiyar da ta ciyar da uwarka?"

"Iya, ai ta mutu. In ta faɗo kan yaran mutane fa?"

Tabawa ta sa farce ta kankare bawon ɗaya gefen, sai ga shi kore, da danshinsa. "Sare reshen da ya ƙone, ka bar sauran. In damina ta dawo ba ta yi toho ba, ni zan wasa maka gatarin."

Aka sare reshen. Aka kira maƙera suka zuba madara a kan raunin, kamar yadda ake yi wa abin da aradu ta taɓa. Mutane suka yi ta zuwa dubiya, har daga ƙauyukan nesa. Da ruwa ya sake sauka kuka ta yi toho, gari ya ɗauki murna.

Giginya fa ta kasa zaune ta kasa tsaye. "Madara! Ni ko ruwan wanke-wanke ba a taɓa watsa mini ba. Har aradun ma ita ta zaɓa, ni ba ta gan ni ba."

Kun ji fa, har ciwon wani take ƙyashi.

Sai ta ƙudura lallai aradu ta gaba ita za ta fara gani. Ta shiga haɗiye rassanta ɗaya bayan ɗaya, tana mai da su tsayi. Ta miƙe, ta miƙe, har ta bar kowace bishiya a ƙasa, ba abin da ya rage mata sai tulin ganye a ƙoli.

Kuka ta ɗaga kai ta ce, "Ƙanwata, ni abin da ya cece ni rassa ne. Wani ya ƙone, wani ya rayu. Ke kin tattara ranki duka a kai guda."

"Baƙin ciki kike yi don na fi ki tsayi," in ji giginya.

Ba a daɗe ba hadari ya taso, aradu kuwa ta gan ta. Ta sauka a kan wannan kai nata guda, ta cinye shi tas.

Mutane suka taru, giginya na jin su sama-sama, tana jiran madararta. Maƙera suka zo da ƙwarya, suka ɗaga kai, suka ce wa zai hau can? Suka zuba a gindi, ƙasa ta shanye. Tabawa ta kankari jikinta har farcenta ya karye, ba ta ga kore ba. Duk da haka ta roƙi Jatau a jira mata damina, kamar yadda aka yi wa kuka. Damina ta zo ta wuce, ko tsinke bai fito ba, don ba ta bar wa kanta wurin toho ba.

"Iya, yanzu fa?" in ji Jatau.

Tabawa ta ce, "Sare ta, ɗana."

Ya sare ta, ya faskara ta, aka yi azara da ita aka rufe ɗakuna. 'Ya'yanta da suka tsiro kuma duk suka gado ta, ga tsayi, ga kai ɗaya tal.

Shi ya sa har yau kuka take shan aradu ta tashi, giginya kuwa sau ɗaya ya ishe ta. Ta so ta zauna cikin mutane, ta kuwa samu. Ku ɗaga kai ku dubi rufin zauren nan, ga ta nan a kanku. Tun da kuke shigowa, wa ya taɓa kallon ta a cikinku?