Wanda Ya Kalli Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta da kunne biyu.

Zomo da Bushiya abokan wasa ne tun kakanni, ita kuwa tana son sa a ɓoye. Wata rana a bakin rafi ya ɗora mata tulu yana cewa, "Ku bushiyoyi, ko uwarku ba ta iya rungumar ku!" Ta yi dariya ta rama.

Dila, mai kwaɗayin gonar bushiyoyi, ya ji. Ran kasuwa ya hau suri ya maimaita maganar, har wasu suka fara tsintar duwatsu don su jefi bushiyoyi.

Aka kai shi gaban Giwa, don dokar daji ce a kori duk wanda ya zagi dangi guda. Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, Zomo ne ya fara faɗa. In kora ce, mu tafi tare."

Aka kira Bushiya. Giwa ta ce, "Ke 'yar nan, maganar ɗaya ce?"

"Ɗaya ce, ranki ya daɗe. Amma Zomo ni ya kalla, ya tsaya ya ji ramuwata. Dila kuwa baya ya ba ni, taro yake kallo, yana nuna musu gonarmu."

Giwa ta ce Dila ya tafi shi kaɗai.

A hanyar gida Zomo ya sunkuyar da kai don kunya. Bushiya ta ce, "Kai mai kunnen jaki, yau ba tsokana?"

Ya ce, "Sai gobe a rafi. Ki zo da tulu."

Ƙurunƙus! Ta ƙare a kan ɗan kusu.