Gida na Ƙarshe a Bakin Rafi

Mai karatu, ka taɓa shiga kurmin da hasken rana ba ya taɓa ƙasarsa ko da tsakar rani? To, saurara.

An ce wani sarki ya so ya faɗaɗa fadarsa, sai wazirinsa ya ba shi labarin wani kurmi a kudancin ƙasar, cike da manyan maɗatai, inda wasu mutane suke zaune tun kafin a kafa birnin. Sarki ya tura masu gatari ɗari. Suka dawo ba ko reshe, suka ce mutanen kurmi, maza da mata, sun zauna a gindin bishiyoyin sun ƙi tashi.

Sarki ya tafi da kansa. Wadda ta tarye shi wata tsohuwa ce mai haɗa magani da saiwoyi, sunanta Ladingo. Ta san in bishiyoyin nan suka faɗi danginta ba su da wani gida, amma ta ƙudura a ranta ba za ta yi magiya ba.

Sarki ya tambaye ta kurmin na wane ne, tunda ƙasa duk tasa ce. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa taka ce. Amma a al'adarmu, mai son sare bishiya sai ya bi ruwan da ke fita daga gindinta da ƙafa, ya nemi izinin kowane gida da ke shan sa, har gida na ƙarshe. Ko ɗan cikina bai tsallake wannan ba."

Waziri ya yi dariya, ya ce wane talaka ne zai ce wa sarki a'a. Sarki ya yarda, don a zatonsa tafiyar rabin yini ce.

Ruwan ya fara siriri kamar yatsa a tsakanin saiwoyi, ya zama rafi, ya zama kogi. Sarki da Ladingo suka bi shi da ƙafa, suka tambayi masunta, suka tambayi masu noman albasa a fadama da marina a bakin karofi. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce yadda sarki ya ga dama. Ƙafafun Ladingo suka kumbura, aka ba ta jaki ta ƙi hawa. A hanya suka tsallake wani rafi da ya koma yashi zalla, sarki ya tambayi dalili, ta nuna masa dutsen da aka aske wa bishiyoyi a zamanin mahaifinsa.

Rana ta huɗu kogin ya ratsa ganuwar birni, ya zuba cikin tafkin fada, inda bayi ke ɗibar ruwan da sarki da 'ya'yansa suke sha. Ladingo ta zauna a kan dutse ta ce, "Ya sarki, duk waɗanda ka tambaya tsoro ne ya amsa maka. Ga gida na ƙarshe, mai shi kuwa ba ya tsoronka. Tambaye shi."

Sarki ya daɗe yana duban ruwan. Can ya ce, "Mai gidan ya hana, iya."

Ya sa aka karɓe gatura, ya bar kurmin a hannun mutanensa har abada, ya ce wa waziri, "Mai mulkin da bai tambayi na ƙarshen rafi ba, bai san abin da ya sare ba."

Kai kuma, ran da ka ji ƙarar injin yanka katako a dajin garinku, kada ka wuce. Tara mutanen unguwa, ku je wurin mai gari tun bishiyar tana tsaye.