Dalilin da Ya Sa Kaza Ke Kwanci a Kan Ƙwan Zabuwa

Dalilin da ya sa kaza ke kwanci a kan ƙwan zabuwa ba tausayi ba ne. Akwai wanda ya zaunar da ku jiya ya ce wai kirki ne da zumunci. Ba zan kama suna ba, amma ƙarya ya shara muku. Ku matso ku ji.

A da, Kaza da ƙanwarta Zabuwa akurki ɗaya suke, a gidan wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa. Kowacce ta saka ƙwanta, ta kwanta a kan abinta. Abu guda ke cin ran Kaza: duk baƙuwar da ta shigo, 'ya'yan Zabuwa take kallo.

"Tubarkalla! Gwaggo, ji zanen jikinsu, kamar an saƙa musu!"

Nata kuwa ko kallo babu. Sai dai a ce, "Kai, a kore 'yan tsakin nan daga kan shanya!"

Kaza ta haɗiye, ta haɗiye, har abin ya tsaya mata a wuya. Ran nan da hantsi Zabuwa ta fita shan ruwa. Kaza ta sa baki ta mirgino ƙwan ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya. Fikafikanta suka kasa rufe duka, sai ta ture nata waje. Gwaggo ta tsince su a ƙasa sun yi sanyi, ta dafa wa jikoki.

Zabuwa ta dawo. "Yaya, ina ƙwaina?"

"Ni kika ba ajiya?"

"To me ya sa kika baje haka, kamar an shanya ki?"

"Ƙiba na yi. Ko ita ma sai na nemi izininki?"

Zabuwa ta hango tsinin ƙwanta yana leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Yaya. Amma nawa ba sa gaggawa."

Ku riƙe wannan: ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa sai ya kai ashirin da takwas. Kaza ba ta sani ba. Lokacinta ya cika, shiru. Ta rame, gashin ƙirjinta ya tuje. Zakara ya leƙo ya ce, "Har yanzu? Ko duwatsu kika samu?" Ta kawar da kai. Ta tashi ta ce me? Nata an riga an cinye da gishiri.

Da ƙyar 'yan zabin suka fito. Kaza ta ja su tsakar gida tana taƙama, tana jiran tubarkallarta. Sai ga baƙuwa.

"Gwaggo, 'ya'yan Zabuwa ne waɗannan? Kai, sun biyo uwarsu! Ita wannan ramammiyar, mai reno kika ɗauka?"

Duk da haka Kaza ta daure. Ta tono musu gara, ta yi dambe da shaho a kansu. Da suka yi fiffike, wata la'asar suka yi fir, sai kan tsamiya, gefen Zabuwa. Kaza ta yi tsalle, ta faɗo tim.

"Ku sauko! Ni ce uwarku!"

Zabuwa ta leƙo ta ce, "Hawo mana, Yaya, akwai wuri."

Gwaggo Tabawa kuwa tana lura. Ita Zabuwa jan 'ya'ya take cikin raɓa, rabi su mutu. A hannun Kaza ko ɗaya bai mutu ba. Sai ta ce wa Kaza, "Ashe ke ce gwanar reno! To kin samu aiki." Zabuwa ta koma ɓoye ƙwanta a cikin ciyawa don gudun yayarta, Gwaggo ta riƙa bin sawu tana kwasowa. Ta ɗebe na Kaza zuwa tukunya, ta zuba mata na zabi.

Shi ya sa har yau, da damina ta sauka, za ku ga kaza tana ƙarin mako guda a kan ƙwan da ba nata ba, ta rena, su girma su bar ta a ƙasa. Mai musu ya je gindin bishiya da yamma, ya duba wa ke sama, wa ke zagaye tana kira. In ya dawo, ya dubi idona ya ce ba haka ba ne.